Dodon Bango Ba Ya Son Rini

Daga wani malamin makaranta, Ƙofar Ruwa, Kano

Kun dai san mutanen Kano ba su da rowar suna. Kome ya shigo garin nan, ko baƙo ne, ko cuta, ko sabon yayin zane, kafin ya kwana biyu sun raɗa masa suna, galibi kuwa sunan ya kan fi wanda ya zo da shi dacewa. To, sa'ad da Turawa suka fara kawo majigi, suna haska hotuna masu motsi a jikin farin ƙyalle, kakanninmu suka dube shi suka ce, wannan ai dodon bango ne. Alhali kuwa abin da a ke nuna musu a lokacin nan babu na ban tsoro a ciki. Yawancinsa gargaɗin Gwamnati ne, yadda za a tsabtace rijiya, da yadda za a yi maganin ɓera, da yadda za a shuka auduga. Amma mutum ya ga inuwa tana tafiya, tana ɗaga hannu, tana buɗe baki, ba jini ba tsoka, fari da baƙi kamar wadda ta fito daga kushewa, in bai kira ta dodo ba me zai kira ta?

Gidan sinima na farko a Kano, watau Rex, cikin 1937 aka buɗe shi a bayan ganuwa, ba shi kuwa da rufi, saboda haka tilas a jira rana ta faɗi kafin a haska kome. Ran 13 ga watan Mayu 1951 gobara ta tashi a gidan sinimar El Duniya, mutum 331 suka rasu, Allah ya jiƙansu, mutanen gari da yawa suka ce ai ga abin da a ke gudu. Da aka zo buɗe Palace a Jakara cikin 1952, wanda shi ne na farko a cikin birni, malamai da dattawa ba su yi murna ba. Watau dai majigi da dare da tsoro a ayari ɗaya suka shigo mana.

Abin da ya sa muka tono wannan tsohon suna wata gardama ce da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa tsakaninmu da yaranmu na makaranta, har mun ji ta a bakin waɗansu manya. Yanzu tsofaffin finafinan ban tsoro na Turai da Amurka da Indiya, waɗanda aka ɗauka fari da baƙi, duk suna cikin wayar hannu, kowa ya so ya duba. Yaran nan in sun leƙa sai su taɓe baki su ce, Malam, wannan ai tuwo ne ba miya. Sun kuma ji labari cewa kwamfuta ta iya bin tsohon fim tana shafa masa launi, ta sa wa sama shuɗi, ta sa wa jini ja. Suka ce me zai hana a bi su duka a rine, su ƙara kyau, su ƙara ban tsoro? Mu kuwa muka ce a'a. Ba don muna ƙin sabon abu ba, gama mu ma 'yan zamani ne, cikin launi muka buɗe ido. Ga hujjojinmu, mai karatu ya zama alƙali.

Bari mu fara da ido, tun da shi ne mai aikin. Can bayan idon kowane ɗan Adam, inda hoto ke sauka, Allah ya shimfiɗa waɗansu 'yan ƙwayoyi iri biyu. Iri ɗaya, wajen miliyan 6, su ne masu rarrabe launi, amma 'yan hutu ne, ba su aiki sai haske ya wadata. Iri na biyu, wajen miliyan 120, su ne masu gadin dare. Ɗan haske kaɗan ya ishe su, amma ba ruwansu da ja ko kore, iyakar labarin da su ke kai wa ƙwaƙwalwa shi ne, nan da haske, nan da duhu. Wanda ya ke shakka ya ɗauki jar dara ya fita da ita tsakar gida bayan lisha, ya kashe fitila, ya dube ta. Zai tarar ta koma baƙa. Hausawan da suka ce farin wata, ba su ce jan wata ko koren wata ba, sun san wannan tun ba a ƙago madubin likita ba.

Kasuwarmu ta nan Ƙofar Ruwa ta ishe mu misali. Da rana in ka ratsa ta ba ka ganin kome sai rodi, da kwanon rufi, da tarin ƙarafa masu jan tsatsa, da gwangwanayen fenti iri iri, kowane abu da launinsa, kowane abu ka san sunansa da kuɗinsa. Yaro ɗan shekara bakwai ya kan ratsa yana cin rake. To, a dawo wurin nan bayan an tashi kasuwa, a daren da babu wutar lantarki, sai wata ya ɗan leƙo. Tarin ƙarfen nan da ka wuce ɗazu ya zama wani abu mai doro ya tsuguna. Buhun da iska ke kaɗawa bisa rumfa ya zama hannu. Babu abin da aka ƙara, launi kaɗai aka ɗebe, amma ƙato mai gemu sai ka ga ya ɗaga ƙafa yana karanta duk addu'ar da ta zo bakinsa. In ka ji ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Saboda haka fim ɗin da aka ɗauka fari da baƙi, da irin ganin da ido ke yi da dare ya ke magana da mai kallo, zuciya kuwa ta riga ta saba, in ta ga duniya a wannan kama, ta shiga taitayinta.

Hausawa sun ce dare rigar mugu. Ba banza ba kakanninmu mata suka hana a yi tatsuniya da rana. Ku tuna Dodon da a ke ba mu labarinsa muna ƙanana: wane launi gare shi? Ba a taɓa faɗa mana ba. An ce yana da girma, yana cin mutane, yana jin warin baƙo in ya shigo gidansa, shi ke nan. Sauran aikin mu muka yi shi da kanmu, kowa ya ƙera nasa Dodon daidai da abin da ya fi tsoro. In ka ba yara arba'in alli ka ce su zana Dodo, Dodo arba'in za ka samu, ba wanda ya yi kama da wani, kuma kowane yaro nasa ne ke hana shi fita fitsari da dare, na ɗan'uwansa dariya ya ke ba shi.

Har littafin Tarihin Kano ya nuna mana magabata sun san wannan dabara tun zamanin jahiliyya. Dutsen Dala, ga shi nan ba nisa da mu, nan Barbushe ya zauna. Abin tsafinsu Tsumburbura kuwa an kewaye wurinsa da garu, ba mai shiga sai Barbushe kaɗai, ya shiga da dare ya fito ya gaya wa jama'a abin da zai auku cikin shekara. Abin da su ke kawowa na yanka baƙin kare ne, da baƙar kaza, da baƙin bunsuru. Kurmin Jakara ma, inda daga baya aka gina Palace, Kurmin Baƙin Ruwa a ke kiransa. Da Barbushe ya yi gangancin rushe garun nan da tsakar rana kowa ya leƙa, da ba a ƙara kawo masa ko ƙwai ba. Masu bori kuma da suka tashi rarraba iskokinsu, gida biyu suka yi musu, farfaru da babbaƙu. Allah ya raba mu da shirka, amma dai a lura, duk inda Bahaushe ya zo zancen abin da ba a gani, launi biyu nan ya kan ɗauko.

To, masu shirya finafinan nan na da, ko da ya ke ba su taɓa jin sunan Barbushe ba, sana'arsu ɗaya da shi. Jamusawa ne suka fara gwanancewa. Cikin 1920 Robert Wiene ya yi fim ɗin wani mugun likita mai suna Caligari, wanda ke tura wani mai tafiya cikin barci ya kashe mutane. A fim ɗin nan gidaje a karkace su ke, tagogi kamar an yanka da wuƙa, inuwa kuwa ba ta fitila kaɗai ba ce, da fenti aka zana ta a jikin bango da ƙasa. Bayan shekara biyu, cikin 1922, Murnau ya yi Nosferatu, labarin irin mayen Turawa, watau matacce mai tashi daga akwatin gawa da dare ya sha jinin masu rai. Wurin da ya fi ko'ina tsinka zuciya cikinsa, mayen ma ba a ganinsa. Inuwarsa kaɗai ce ke hawan matakala, ga doro, ga dogon hanci, ga farce zaƙo zaƙo, har inuwar hannun ta miƙa ta kai ga ƙofar ɗakin yarinya. Shekara fiye da 100 ke nan, har yau in an haska wurin nan sai ɗaki ya yi tsit. Yanzu don Allah wane launi za a shafa wa inuwa?

Wanda muka fi so mu ba ku labarinsa shi ne Cat People, da aka yi a Amurka cikin 1942, domin labarinsa kamar a ƙasar Hausa aka ƙaga shi. Mu muna da zancen mutumin da ke rikiɗa kura, su kuwa suka yi na wata mace da ta gaskata cewa in kishi ya kama ta za ta rikiɗa baƙar damisa. Mai kula da aikin, Val Lewton, kamfanin RKO ya ƙayyade masa kuɗi 'yan kaɗan, saboda haka shi da Jacques Tourneur suka mai da duhu jarinsu. Akwai inda wata mace da a ke kishi da ita ta ke tafiya ita kaɗai da dare a gindin wani dogon garu. Fitilun hanya sun yi nisa da juna, ta shiga haske, ta faɗa duhu, ta shiga haske, ta faɗa duhu. Ana jin takun takalmi a bayanta. Can sai takun ya ɗauke. Ta waiga ba kowa, ta ƙara sauri. Kwaram sai wani huci ya tashi kamar na damisa, mai kallo ya zabura, ashe motar safa ce ta taka birki ta buɗe ƙofa. Akwai kuma inda matar nan ta ke cikin tafkin wanka, hasken ruwa yana rawa a jikin bango, gurnani yana zagaya ɗakin, ba ka ganin kome sai inuwa tana sauya kama. Da ta fito aka tarar an yayyage rigar wankanta. An ce gani ya kori ji, amma a sha'anin tsoro gani ya kan kori tsoron ma gaba ɗaya.

Mutanen Indiya, waɗanda finafinansu suka zama kamar na gida a Kano, su ma sun bi wannan hanya. Mahal, na Kamal Amrohi, da ya fito cikin 1949, wani tsohon gidan sarauta ne, da lilo mai kaɗawa ba kowa a kai, da wata mace mai tafe da kyandir cikin duhu, Madhubala ke nan, muryar Lata Mangeshkar tana tashi kamar daga ƙarƙashin rijiya. Rabin fuskarta a haske, rabi a duhu, mai kallo ya rasa mutum ce ko fatalwa. A cika gidan nan da launi, sai ya koma gidan biki.

Akwai wata hujja kuma wadda masu son rini ba su cika sani ba, ta wajen sana'ar kanta. Mutanen nan sun san hotonsu fari da baƙi zai fito, saboda haka duk launin da suka zaɓa a wurin ɗauka, sun zaɓe shi ne don irin tokar da zai bayar, ba don kansa ba. Cikin 1931, da James Whale zai yi Frankenstein, labarin likitan da ya harhaɗa sassan gawa ya yi wani ƙato, mai kwalliya Jack Pierce ya shafa wa Boris Karloff fenti mai ɗan kore kore, domin shi ne ke fitowa fari fat kamar fatar gawa a cikin hoto. Cikin wannan shekara dai Rouben Mamoulian ya yi fim ɗin likita Jekyll, mutumin kirki mai shan wani magani ya rikiɗa mugu. Aka yi wa Fredric March zane a fuska da launi, aka sa gilashi mai irin launin nan gaban na'urar ɗauka, zanen ya ɓace. Da aka janye gilashin a hankali aka kawo mai wani launi, sai ga fuska tana duhu, tana ramewa a gaban idon mai kallo, ba tare da an yanke hoto ba. Wannan dabara ba ta yiwuwa sam sai a fari da baƙi. Hitchcock kuma, wanda ya fara fim mai launi tun 1948, da ya zo yin Psycho cikin 1960 da gangan ya koma fari da baƙi, jinin da ke gangarawa cikin kwatamin wanka kuwa ruwan cakulan ne, don ya fi jan fenti kama da jini a irin wannan hoto.

To, mai rini ya shiga tsaka mai wuya. In ya ce gaskiya zai bi, ya mayar da kome launin da ya ke a ranar ɗauka, sai mu ga an kashe mace cakulan na zuba. In kuwa ya ce zai gyara, to, launin da ya sa nasa ne, ƙagensa ne, mai fim bai san da shi ba. Har wa yau, kowane marini a karofin Ƙofar Mata ya san baƙin zane ba ya karɓar wani rini. Haka baƙin da ke cikin hoto. Wurin da ya yi duhu ƙirin, ko dai a bar shi yadda ya ke, launi ya tsaya a fuskoki da riguna kamar an liƙa, ko kuwa a haskaka shi don launi ya sami wurin kamawa. In an haskaka kuwa an kunna fitila ke nan a ɗakin Dodo. Ku dubi rigar saƙi. Kyanta duka yana ga yadda masaƙi ya jera baƙin zare da fari, ƙanana ƙanana kamar jikin zabo. Wani ya ce fari da baƙi kaɗai ba su isa ado ba, ya ɗauka ya tsoma ta cikin baba. Ta rinu kam, amma saƙin fa? Garin gyaran gira an rasa ido.

Kada a ce mun yi son kai, bari mu faɗi abin da ke hannun abokan gardamarmu, don suna da shi. Da fari, yawancin finafinan zamanin da ba su magana ba fari da baƙi zalla a ke nuna su ba. A kan tsoma su cikin rini ɗaya, wannan yanki shuɗi don a san dare ne, wancan ruwan ɗorawa don a san rana ce ko hasken fitila. Nosferatu kansa haka aka yi shi, gama da rana aka ɗauki wuraren da a ke nufin dare. Fim ɗin nan ya sha wuya: matar Bram Stoker, marubucin littafin Dracula, ta kai ƙara cewa an saci labarin mijinta, kotu ta ce a hallaka shi duka, 'yan kaɗan suka tsira. Waɗansu da suka yaɗu daga baya babu rinin nan a jikinsu, sai ga maye yana yawo da akwatin gawarsa a tsakar rana tsaka, alhali labarin ya ce hasken rana ne ajalinsa. Nan kam ɗebe launi ne ya yi ɓarna. Amma a duba da kyau, wannan hujja gare mu ta dawo: abin da mai shi ya sa, a bar masa, abin da bai sa ba, kada a sa masa.

Na biyu, launi ya iya nasa aikin in tun farko da shi aka yi shiri. Cikin 1925, a fim ɗin fatalwar gidan waƙa na birnin Faris, an ɗauki wani yanki da launi, Lon Chaney ya sauko daga matakala cikin jar alkyabba da fuskar ƙwarangwal, jan nan kuwa ya yi kwarjini ƙwarai don duk abin da ya gabace shi babu irinsa. Kamfanin Hammer na Ingila ya sake Frankenstein da launi cikin 1957, ya sake Dracula cikin 1958, Christopher Lee ya fito da jajayen idanu, jini na ɗiga daga haƙora, suka kuwa sami kasuwa. Ba mu musun wannan. Sai dai muna roƙo a rarrabe abu uku da yara ke cuɗawa. Akwai firgita, wadda ko faɗuwar kwano ta kan jawo, ta wuce nan take. Akwai ƙyama, wadda ke tayar da zuciya. Akwai kuma fargaba, wadda ke bin mutum har shimfiɗarsa, ta sa ya kasa juya wa ƙofa baya. Jan jini gwani ne wajen ta biyu, amma ba ya haifar da ta uku. Yaran garin nan kowace Babbar Salla suna tsaye a ke yanka rago, su ne ma masu riƙe ƙafa, ba wanda ya taɓa kasa barci. Mahauci a kwata ya wuni cikin jini ya koma gida ya yi minshari. Amma a ce masa ya ratsa maƙabarta shi kaɗai da tsakar dare, inda ba zai ga ko ɗigon jini ba, sai ka ji ya tuna yana da wani uzuri.

Gardaman nan fa ba a kanmu aka fara ba. Cikin 1986 wani attajirin Amurka, Ted Turner, ya sayi tarin tsofaffin finafinan kamfanin MGM, ya shiga rina su don talabijin. Masu sana'ar suka yi ca, har suka kai kuka Majalisar Dattawan ƙasarsu cikin 1987, aka yi dokar adana finafinai cikin 1988. A Faransa kuwa magadan John Huston suka yi ƙara kan wani fim nasa da aka rina bayan ya ƙi tun yana da rai, babbar kotu ta ba su gaskiya cikin 1991. Wanda ya fi ban tausayi shi ne fim ɗin George Romero na 1968, na daren da matattu suka tashi suna bin masu rai. Garin sauya masa suna aka manta da sa alamar haƙƙin mallaka, ya zama kamar akuyar da ba ta da mai ita, kowa ya kama ya yi yadda ya ga dama. Cikin 1986 aka rina shi, aka sa wa matattun koriyar fata. A asalinsa abin da ke ba da tsoro shi ne daga nesa ba ka bambanta matacce da maƙwabcinka, sai ya matso. Da aka shafa musu kore, ko yaro ya hango ya san wanda zai guje wa.

Inda muka yarda da rini shi ne irin na Mughal-e-Azam, na K. Asif, da ya fito cikin 1960. Shi mai shi ya ɗauki wani yanki da launi, ya so ƙwarai a ce duka haka ya ke, bai sami hali ba. Da aka rina shi cikin 2004 an cika masa buri ne. Kuma labarin fada ne da lu'ulu'u da rawa, abin da a ke so ido ya ƙoshi. Fim ɗin ban tsoro kuwa so a ke ido ya kwana da yunwa.

Wani zai ce, Malam, mene ne na zafi haka a kan dodannin Turawa? A rina su mana, ina ruwanmu? Ruwanmu shi ne, hannun da ya saba da rina na wasa ba ya tsayawa nan. Ga shi yanzu muna gani ana yaɗa hotunan magabatanmu da kwamfuta ta shafa wa launi: Sarkin Kano Abdullahi Bayero, wanda ya yi sarauta daga 1926 zuwa 1953, da Sardauna, da Tafawa Ɓalewa, da hawan daba da aka yi wa Sarauniyar Ingila a Kaduna cikin 1956, da dalar gyaɗa. Na'urar nan ba ta san kome ba game da ranar da aka ɗauki hoton. Ta dai kalli hotuna masu ɗimbin yawa, ta koyi cewa irin wannan toka galibi kaza ce, sai ta yi canke. Ba ta san rigar dogarin Kano ja da kore ce ba. Ba ta san rawani ɗan Kura ba, wanda aka rina da baba aka buga har yana walƙiya, tana iya mai da shi ruwan ƙasa ko ruwan toka. Yaro ya gani ya ɗauka haka kakansa ya yi shiga, ya kuwa rantse a kai, tun da ga hoto. Tsohon hoto fari da baƙi ya fi ta amana, don bai ce ya san abin da bai sani ba. Mu da aikinmu ne koya wa yara tarihi, wannan ya fi damunmu bisa ga koren fentin Karloff. Kuma yaron da ya saba ba ya iya duban kome sai an cika masa shi da launi, yaya zai yi da littafi, wanda shi ma baƙi ne bisa fari, sauran duka sai mai karatu ya kawo daga kansa?

Saura magana ɗaya ga 'yan'uwanmu masu shirya finafinan Hausa. Sana'arsu ta bidiyo da Turmin Danya ta soma cikin 1990, watau cikin launi aka haife ta, ba ta yi makarantar inuwa ba. Shi ya sa in sun tashi nuna aljani sai su kawo shi tsakar rana, da jan ido na kwamfuta, da hoda a fuska, da ƙaho, yana ƙyaƙyata dariya, yara kuwa su taya shi. Alhali har yanzu akwai masu komawa fari da baƙi da gangan, ba don rashin kuɗi ba: Robert Eggers ya yi haka cikin 2019 a labarin waɗansu masu gadin fitilar teku su biyu, mutanen kudancin Indiya suka yi haka cikin 2024 a Bramayugam, da Mammootty ya fito. Mu kuwa kayan aikin a ƙofar gida su ke, ba a biyan ko anini: ga lungunan birni da mutum biyu ba su jerawa, ga zaure bayan zaure, ga ragowar ganuwa, ga Dala ya yi baƙi ƙirin in wata ya faɗi. A ɗauko labarin baƙon nan da aka sauka a gida, wanda a ke raɗe raɗin yana rikiɗa kura. Kada a nuna kurar. A nuna mai gida kwance yana jin awaki sun yi shiru gaba ɗaya, a nuna aci-balbal tana rawa ba iska. Da asuba a fito da shi da buta a hannu, ya duƙa bakin zaure inda aka share aka yayyafa ruwa jiya da dare, ya tarar da sawun kura ya shiga ɗakin baƙi, bai fito ba, ga baƙo kuwa a ciki yana yi masa barka da asuba.